Yadda Za Ka Yabi Ƙaton Littafi da Turanci Ba Tare da Ka Buɗe Shi Ba

Tun 'yan boko ba su farga ba ni na gano sirrin: manyan littattafai ba karanta su ake yi ba, nauyinsu ake yabo. Ban taɓa zama a aji ba, amma 'yata tana auren ɗan wani farfesa, kuma har yau surukin nawa, farfesan, bai gano ni ba. Bi ni sau da ƙafa, mutuncinka ba zai zube ba.

1. Fara da nishi
In an miƙo maka, karɓa da hannu biyu, ka yi nishi kamar mai ɗaga buhun siminti. Kada ka buɗe. Wanda bai buɗe ba, ba a kama shi ya riƙe a juye.

2. Ce "tom"
Ranar da farfesa ya dire min nasa mai kaurin bulo, ya ce, "Ga shi, duk ƙuruciyata a nan ta ƙare." Na ce, "Tom." Sai ya zabura: "Ashe kana jin Turanci! Ai haka Turawa ke kiran ƙaton littafi." Na gyara zaman hula. Kakata ta mutu tana cewa tom, ba wanda ya ba ta digiri.

3. Hattara da "bolyum"
In ya ce zai ƙara maka bolyum, kada ka kai hannu kan rediyo. Ni na kai. Da ya zuba min ido, na ce so nake in ji ko an ambaci littafin a labarai. Ashe wani bulon yake nufi, ƙanen na farko.

4. Maganin ofis
Littafin da ya fi kowanne, farfesa "magnam ofas" yake ce masa. Kai ka ce "maganin ofis" da sauri, ka haɗa da tari.

5. Nemo masa aiki
Ƙafar gadona ta karye, tom ya maye gurbinta. Da farfesa ya tambaye ni, "Ya littafin?" na ce, "Wallahi kullum a kansa nake kwana." Har ƙwalla ya yi. Uwar 'ya'yana ta ƙware da shayi.

In surukinka ya ce ka karanto masa shafi ɗaya, ba ruwana, ban san ka ba. Mai shakka kuma ya zo ya zare tom ɗin da hannu ɗaya, in ya isa. Uwar 'ya'yana na bisa gadon.