Takardar Maiƙo

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na yar da takardar Malam Bukar makaniki ba, ko da na so.

Lokacin ban daɗe da gama makaranta ba, Turanci yana ta tafasa a kaina. Babana yana da lori guda a Fagge, yana kai gyaɗa tashar jirgi. Lorin ya fara kasala, sai Malam Bukar ya sauke kan injin ya ɗora wani mai ƙarfi, na tsohuwar motar soja. Saura ƙarfen da ke kwashe hayaƙi daga kan injin zuwa salansa. Na matsa wa Baba ya aike ni Sabon Gari in sayo, don ya ga 'ya mace ma za ta iya riƙe masa harkar mota. Ya yarda, abokansa suna ta taɓe baki.

Malam Bukar ya shafa baƙin mai a gefen kan injin, ya manna takardar siminti, ya ɓamɓaro. Shatin ramukan ya fito ɓaro-ɓaro.

"Ungo, 'yata. Ki ɗora a kan ƙarfen. In ba su haɗu ba, kar ki ɗauko."

Ni? Da farin mayafina? Ko layinmu ban fita ba na cilla ta a kwata. (Ai ina da littafin motar, har da lambar ƙarfen a ciki.)

A shago, Okoro mai kayan mota ya ce, "'Yar Alhaji, ina takardar Bukar?"

"Ga lamba nan. Ko ba ka iya karatu ba ne?"

Ya dube ni, ya miƙo min abin da na tambaya.

Na dawo ina taku ɗai-ɗai, maza sun cika ƙofar gida. Malam Bukar ya kara ƙarfen a jikin kan injin. Noti biyu suka shiga, sauran ko kusa. Ramukan kan injin masu kusurwa huɗu, nawa kuwa zagayayyu.

Malam Bukar ya ce, "'Yata, shi littafin naki, an gaya masa mun canja kan injin?"

Aka kwashe da dariya. Baba bai yi ba. Cewa kawai ya yi, "Shiga ki taya Innarki tsintar shinkafa."

Lodin ranar wani ya ɗauka. Ni kuma ko tsinken ashana Baba bai sake aikena ba.

Yanzu in mai baƙin hannu ya miƙo min takarda, hannu biyu nake sawa. Sai dai har yau babu wanda ya sake miƙo min.