Yadda Za Ki Karanta Kimiyyar Harshe Gidanku Suna Zaton Tafinta Ce Ke

Idan kin shiga jami'a kina karanta kimiyyar harshe, gida kuma suna zaton yarukan duniya ake ɗura miki, kwantar da hankalinki. Bi matakan nan yadda suke, na tabbatar miki za ki karɓi digirinki mutuncinki bai taɓu ba. Auta, 'yar mai shagon buga takardu na bakin layinmu, su ta bi, ga ta nan da ranta da lafiyarta.

Mataki na 1: Kada ki gyara kuskuren farko

Ranar da aka ɗauki Auta a jami'a, Baba ya karanta sunan kwas ɗin, ya cire tabarau, ya ce, "Wato tafinta za ki zama." Ta buɗe baki za ta ce a'a, sautuka za ta nazarta da yadda jimla ke ƙulluwa. Kafin ta haɗa maganar ya leƙa waje yana gaya wa tela. Ta rufe bakinta. Ke ma rufe naki. Uban da ke murna ba ya bukatar ƙarin bayani.

Mataki na 2: Koyi amsar "Yare nawa kike ji?"

Za a tambaye ki a asibiti, a motar haya, har a wajen gaisuwar mutuwa. Kada ki faɗi adadi. Ɗaga ido sama kamar mai lissafi, ki ce, "Ya danganta da abin da ake nufi da yare." Gaskiya kika faɗa, malamanki ma ba su gama gardama a kai ba. Gwaggon Auta ta ji wannan amsa, ta koma gida ta ce yarinyar har ta daina ƙirgawa.

Mataki na 3: Kulle ƙofa in za ki yi aikin gida

Auta ta manta. Mama ta same ta gaban madubi, yatsa a maƙogwaro, tana ta "ka, ƙa, ka, ƙa". Ta fita, ta dawo da zuma da ruwan ɗumi. In an kawo miki, sha kawai.

Mataki na 4: In an kira ki, je

Ranar za ta zo. Auta tana shekarar ƙarshe Baba ya sayi sabon inji, kamfanin ya turo mai haɗawa daga wata ƙasa, dogon mutum da akwatin ƙarfe, ba Hausa, Turancin ma iyakarsa gaisuwa. Baba ya buga waya: "Auta, bar laccar nan ki zo, mun yi baƙo."

Ta iske shagon a cike, tela da mai kemis sun samu kujeru. Baƙon ya dube ta ya zubo magana mai tsawo. Auta ta ji wasula dogaye, ta ji wani sauti daga can cikin maƙogwaro wanda ta taɓa cin jarrabawa a kansa. Ma'ana kuwa ko ɗaya.

"Me ya ce?" in ji Baba.

"Ya ce injin mai kyau ne, a kula da shi."

Haddace wannan jimla. Ba a taɓa yin mai haɗa inji da bai faɗe ta ba.

Mataki na 5: Fassara abin da idonki ya gani

Baƙon ya nuna soket ya girgiza kai. "Ya ce a canja wayar wutar nan." Ya share gumi. "Ya ce a taimaka da ruwa." Mai kemis ya gyaɗa kai, ya ce karatu ya yi rana.

Sai Baba ya ce, "Tambaye shi ko yana da iyali."

Nan ake gane gwana. Auta ta maimaita kalmomin da mutumin ya faɗa na ƙarshe, ta ɗaga murya a wutsiyarsu. Ya kalle ta, ya fashe da dariya, ya dafa ƙirji.

"Yana da su, Baba. Suna gaishe ka."

Har yau ba ta san me ta tambaye shi ba. Kafin la'asar inji ya tashi.

Mataki na 6: San inda za ki tsaya

Labari ya zaga unguwa. Bayan kwana biyu maƙwabciyarsu ta yi sallama, idonta ja, waya a hannu. Ɗanta yana aikin gini a ƙasar waje, wayarsa ta daina shiga, sai saƙon murya da wata mata ta turo da yaren da ba wanda ya sani.

"'Yar nan, saurara ki gaya min. Ko mene ne, gaya min."

Auta ta saurara sau biyu. Amsa mai daɗi ta zo mata har bakin leɓe, ta haɗiye. Ta ce, "Inna, ba ni wayar, zan dawo." Ta yini tana bin ofisoshin malamai da ɗakunan ɗalibai tana kunna saƙon, sai wajen magariba ta samu wani ɗalibin likitanci da ya gane yaren. Matar da ta turo saƙon ma'aikaciyar jinya ce. Yaron ya faɗo daga bene ya karye a ƙafa, an yi masa ɗori, yana cin abinci, wayarsa ce ta fashe. A daren ta kai wa maƙwabciyar labari.

Mataki na 7: Faɗi gaskiya, amma kada ki sa rai

Washegari ta samu Baba yana yankan takarda.

"Baba, ni fa Hausa da Turanci kawai nake ji. Yadda harshe ke aiki nake karantawa."

Bai ɗago ba. "Na sani. Mutumin nan da zai tafi ya nuna ki ya girgiza kai. Wannan ko ni na fassara."

"To me ya sa ba ka ce komai ba?"

"Inji yana aiki, baiwar Allahn nan ta samu barci. Miƙo min wancan allon."

Ta juyo shi. Tawada ko bushewa ba ta gama ba: ANA FASSARA KOWANE YARE. A NEMI AUTA.

"Riƙe min tsani," in ji Baba.

Gargaɗi: mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya. Idan aka kafa allo da sunanki, ko aka kawo miki baƙo na biyu, kada ki neme ni. In kin zo ma, zan ce ban ji yarenki ba.