Ranar da Na Kwashe Rigunan Sanyin Mata Biyar a Heathrow

Ba zan taɓa mantawa da tafiyarmu Tanzaniya ba, kuma ko na so in manta, matan ƙungiyarmu ba za su bari ba. Har yau in na shiga taro sai wata ta kama rawar ɗari da gangan, sauran su kwashe da dariya. Gara ku ji labarin daga bakina kafin ku ji shi wajen Hajiya Memuna, don ita gishiri take ƙara masa.

Mu shida ne, muna haɗuwa ƙarshen kowane wata a flat ɗin ɗayarmu, mu ci tuwo mu sha hira. Babbarmu ita ce Anti Laraba, 'yar Jos, nas ce da ta daɗe tana aikin asibiti a nan London. Ita ta riƙe ni lokacin da na zo ƙasar nan ban san kowa ba. Ita ta koya min hawa tube, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa, ita ta tsaya a kaina ranar da na haihu. Da ritayarta ta matso, muka tambaye ta abin da take so mu yi mata.

Ta ce, "Ni dai rana nake so, 'yan'uwana. Ku kai ni inda zan ga zaki da idona, sannan in zauna bakin teku in miƙe ƙafa, gwiwoyin nan su sha zafi. Na gaji da sanyin garin nan."

Kafin kowa ya buɗe baki na ɗaga hannu na ce a bar min komai. Zuciyata fes, ga damar da zan rama wa Anti ko kaɗan daga alherinta. A sati biyu na yi booking: kwana huɗu a daji muna kallon namun dawa, kwana huɗu a bakin teku a Zanzibar, cikin watan Yuli. Nan take suka laƙaba min suna Shugaba (ni kuwa na amsa, har da gyara ɗaurin ɗankwali).

Sai kamfanin da ya shirya mana tafiyar ya turo imel mai shafi biyu, na abubuwan da ya kamata mu riƙo. Ina zaune a kicin ɗin gidanmu a unguwar Abbey Wood na karanto wa maigidana, Baban Amira. Wai a zo da jaket mai kauri da hular sanyi. Wai a guji tufafi baƙaƙe da masu launin shuɗi mai duhu. Wai a riƙo man da ke kare fata daga rana. Na yi dariya har da hawaye.

Na ce, "Baban Amira, ka ji fa! Jaket a Afirka, a watan Yuli! Wannan ai don Turawa suka rubuta. Ni da aka haifa a Sakkwato za a koya wa rana?"

Shi ma ya taya ni dariya. Na rufe imel ɗin, na zauna na rubuta nawa shawarwarin na tura wa matan. Na ce kowa ta zo da kaya marasa nauyi, takalmi buɗaɗɗe, da mafici. Na ce zancen man rana a manta da shi, baƙar fata ba ta ƙonewa. Na ƙare da cewa can zafi ake yi na gasken-gaske, ba irin wannan summer na London ba da ake yi wa biki kwana uku ya gudu.

Kuma kun san mu, ba ma fita taro ba anko. Ranar Asabar muka yi cincirindo zuwa Rye Lane, layin kasuwa a unguwar Peckham, muka shiga shago muka fita shago, har Allah ya haɗa mu da wani yadi shuɗi mai duhu, shara-shara, wanda iska ke ratsawa. Ni na zaɓe shi. Hajiya Memuna, wadda ke da shagon kayan miya a nan Peckham (mutuniyar zangon Kumasi ce, kowa "kai" take ce masa), ta ɗaga shi sama ta ce, "Shugaba, ka iya zaɓe! Zaki ma in ya gan mu sai ya tsaya." Muka yi ta shewa a shagon mutane. Shirinmu shi ne mu ɗauki hoto cikin ankon da zaki a bayanmu, a nuna shi ranar fatin ritayar Anti.

Anti Laraba ce kaɗai ta ɗan ja baya. Ta ce, "Ƙanwata, an ce wurin nan kan duwatsu yake fa. Mu a Jos ko da damina sai ka nemi suwaita."

Na ce, "Haba Anti, Jos ai daban ce. Ki bar min wannan, na yi bincike." (Bincikena shi ne na kalli hotunan rairayin bakin teku a waya.)

Ranar tafiya London ta ɗauki zafi, irin wanda ke sa mutane su cika wuraren shaƙatawa ba riga. Muka hau jirgin ƙasa na Elizabeth line da akwatunanmu muna surutu kamar 'yan makaranta. Amma da muka isa filin jirgin saman Heathrow sai na lura kowacce ta rataya jaket a hannu. Halin zaman London ke nan, mutum ba ya yarda da sararin sama ko da rana ta ƙwalle. Raina ya ɓaci. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na karɓe, har da ƙatuwar suwaitar Anti mai ruwan toka, na jibga wa Baban Amira da ya rako mu.

Na ce, "Ka mayar mana gida. Kada mu je mu ba da kunya, a ce 'yan Afirka sun zo Afirka da kayan sanyi."

Anti ta bi suwaitarta da kallo har Baban Amira ya ɓace da ita cikin mutane. Ta yarda da ni.

Da muka sauka, mota ta yi ta hawa da mu kan tudu, tana hawa, tana hawa, har muka isa masauki da yamma. Yana bakin wani makeken kwari ne da namun dajin ke ciki. Na ji iskar ta ɗan yi sanyi, na ce gajiyar jirgi ce. A ɗakin cin abinci muka ga murhu da wuta na ci, na ce musu ado ne don Turawa su ji kamar suna gida.

Ruwan alwalar asuba ne ya fara gaya min gaskiya. Ina zuba shi a hannu na ji har cikin ƙashina. Na leƙa waje, hazo ya rufe ko'ina, numfashina yana fita kamar hayaƙi. Inna lillahi! Ashe su can Yuli ne lokacin sanyinsu, ga shi muna kan dutse. Amma me zan ce? Na saka ankona na fito ina murmushin dole.

A bakin motoci muka tarar da sauran baƙi cikin jaket da huluna da safar hannu. Sai ga mu, mata shida cikin shuɗin yadi shara-shara da silifas, haƙora na haɗuwa. Direbanmu, wani dattijo mai suna Juma, ya dube mu sama da ƙasa, ya tambaya cikin Turanci da ladabi ko ba a turo wa shugabar tafiya takardar abin da za a riƙo ba.

Idanu goma suka juyo kaina.

Jama'a, a nan ne na tafka babbar. Na buɗe baki na ce, "Wace takarda? Ba su turo min komai ba." Har da ƙarawa da cewa in mun koma sai na yi complain.

Juma ya ba da haƙuri, ya ɗauko barguna jajaye masu layi-layi daga bayan mota. Huɗu ne kawai. Muka naɗe Anti da ɗaya, sauran muka cure biyu-biyu, ni na samu gefen na Hajiya Memuna. Motar kuwa rufinta a buɗe yake don a ga dabbobi. Tana gangarawa iska na tsaga mu. Hajiya ta zare safar da ta kwana da ita ta saka a hannu. Anti na murza gwiwoyinta tana cewa, "Ba komai, ƙanwata, ba laifinki ba ne, laifin kamfani ne." Wallahi wannan maganar ta fi iskar yi min ciwo.

Amma kai, abin da muka gani! Hazo na yayewa sai ga kwarin ya buɗe, jakunan dawa da ɓauna birjik iya ganinka. Can sai Juma ya kashe mota ya nuna da yatsa. Zaki ne, ƙato, kwance gefen hanya, bai fi taku goma da mu ba. Ya ɗaga kai ya yi hamma. Anti ta manta da gwiwa, ta miƙe tsaye cikin bargo tana cewa, "Yesu na! Ga shi! Ga shi nan da ransa!" Hajiya na salati, ni ina ta ɗaukar hoto. Mun samu hotonmu da zaki, sai dai ba a ganin ko zaren anko, hanci da ido kawai ke leƙowa daga barguna.

Washegari muka sauka wani dajin mai ɗumi, na ce yauwa, yau ankonmu zai fito. Ya fito kuwa, ƙudan tsando ma suka fito. Ashe shuɗi mai duhu ne launin da ke jawo su. Suka bar motocin Turawa masu tufafin kaki suka yo kanmu, cizo kamar allura, har ta cikin yadin. Muka yini muna marin jikinmu da mafici. A Zanzibar kuma muka rama sanyin da muka sha, muka baje a rairayi daga safe har la'asar, Anti na ta sa min albarka. Kwana biyu bayan nan hancin kowa ya fara saɓa.

Duk da haka muka dawo da murna, kuma asirina a rufe. Kowa na zagin kamfani, ni ina taya su.

Sati ɗaya da dawowarmu aka yi fatin ritayar a wani hol na taro a Peckham, ranar Asabar da rana. Wuri ya cika: 'yan cocin Anti, abokan aikinta, mazajenmu, ga jalof ga masa ga zoɓo. Aka haska hotunan tafiya a bango, mutane na ta dariyar barguna. Ni kuwa ina gaba-gaba a zaune, hanci na saɓa, ana ta yaba min ƙoƙari. Sai mai gabatarwa ya ce ko akwai mai son yin magana. Baban Amira, wanda ko a ɗaurin aure ba ya magana, ya miƙe ya karɓi makirufo. Yabona ya tashi yi, bawan Allah.

Ya ce, "Ni shaida ne kan wahalar da matata ta sha a kan tafiyar nan. Ranar da kamfanin ya turo takardar nan ta kayan da za a riƙo, shafi biyu cur, a kicin ta zauna ta karanto min ita daga farko har ƙarshe. Da ta zo wajen jaket da hular sanyi muka yi ta dariya, ta ce ai don Turawa aka rubuta..."

Bai ƙarasa ba ya lura hol ɗin ya yi tsit. Ina yi masa alama da ido, shi kuwa yana tambayata da ƙarfi a makirufo, "Me? Ba haka aka yi ba?"

Hajiya Memuna ta ajiye cokali ta miƙe. "Shugaba! Ashe takarda ya zo? Kai ne ka sa ni na saka safa a hannu gaban Turawa?"

Wuri ya ɓarke da dariya, har da masu buga tebur. Ni ko na rasa inda zan sa fuskata, gumi ya jiƙa min anko. Dariyar mutane ba ta dame ni ba kamar shirun Anti Laraba. Na tashi na je na durƙusa gabanta a gaban kowa na ce, "Anti, ki yafe min. Takardar ta zo, na raina ta. Da aka tambaye ni kuma na ji kunya na yi ƙarya."

Ta dube ni. Sannan ta ce, "Sanyi kam na sha, gwiwata har yau tana gaya min. Amma na ga zakina, kuma ke kika kai ni. Abin da ya ɓata min rai shi ne kin bar ni sati biyu ina zagin bayin Allah da ba su yi min komai ba. Gobe ki rubuta musu ki ba su haƙuri, ki gaishe min da Juma." Ta kamo hannuna ta ɗaga ni, ta dubi hancina, sai dariya ta ƙwace mata. Nan na fashe da kuka, ina dariya ina kuka.

Na rubuta wa kamfanin kuwa, kuma wannan karon sai da na karanta amsarsu har ƙasa.

Abin da ya fi ba ni haushi da kaina shi ne wannan. Tun zuwana ƙasar nan nake faɗa da Turawan wurin aikinmu masu ɗaukar Afirka kamar gari ɗaya, masu tambayata ko na san wani abokinsu ɗan Kenya. Ina hura hanci ina yi musu lacca. Ashe duk cikinmu ba wanda ya kai ni yi wa Afirka kuɗin goro, don su aƙalla da aka ce su zo da jaket, sun zo da ita.