Darakta a Cikin Agwagwa

Duk wanda bai ga Tsohon Darakta yana shiga babban lambun shaƙatawa na birni ba, bai san kwarjini ba. Shekara talatin ya yi yana ba da umarni, har ma'aikatansa suka laƙaba masa Mai-Jan-Biro, kuma a tsawon wannan zamani ba a taɓa kama shi da laifin yin wani aiki da hannunsa ba. Ran nan tun daga ƙofa ya duba jerin furanni, ya amince da su, da sharaɗin a rage rawaya.

Maƙasudin fitar shi ne surukinsa, mahaifin matar ɗansa, wanda shi ma tsohon shugaban wata hukuma ne. Tun da aka haɗa zuri'a ba a tantance wanda ya fi girma ba, Darakta kuwa ya ƙudurta yau za a yanke hukunci a gaban iyalan biyu.

A bakin tafki suka tarar da jirage masu siffar agwagwa, waɗanda ake tuƙawa da feda kamar keke. Darakta ya zaɓi mafi girma. Mai kula da jiragen ya zaunar da dattawan biyu kafaɗa da kafaɗa, ya tura su.

Agwagwa ta yi tafiyar taku goma, ta tsaya.

"Ranka ya daɗe, a fara," in ji Darakta, yana nuna feda.

Suruki ya amsa cikin ladabi cewa ba ya shiga gaban manya. Kalmar ta yi wa Darakta daɗi, amma ya hango tarkon: duk wanda ya taka feda ya zama direban ɗan'uwansa. Sai ya harɗe ƙafafu, ya gabatar da jawabi kan bambancin jagoranci da aikin ƙarfi.

Rana ta take. Agwagin gaske suka zagaye su, suka gaji, suka watse. Daga gaɓa uwargidan Darakta ta sanar cewa abinci yana hucewa, shi kuwa ya ɗaga mata hannu irin na mai karɓar gaisuwa.

Bayan awa guda mai kula ya naɗe wando ya shiga ya jawo su. Ruwan bai kai masa gwiwa ba.

Da suka sauka, Darakta ya ja uwargida gefe, ya tambaye ta wa iyalai suka ga ya fi girma.

"An tattauna, maigida," in ji ta. "An ba agwagwar. Ita ta ɗauki ku biyu, kuma ba ta yi jawabi ba."