Jawabin Sallamar Direkta da Ban Karanta Ba

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka yi wa direktan kolej ɗinmu sallama a Tasawa ba, ko da yake na yi iya ƙoƙarina in manta. Shekara ta zagayo, amma har yau abin yana faɗo mini a rai.

Ni malamin tarihi ne, kuma a lokacin ni ne ɗan zamanin makarantar (ni na naɗa kaina, ba wanda ya zaɓe ni). Abokan aikina suna fama da tsofaffin littattafan rubutu, ni kuwa komai nawa yana wani dandali na intanet inda ake ajiye rubuce-rubuce shafi-shafi: darussana, bayanan taron malamai, tsarin jarrabawa. A can ƙasa kuma akwai wani shafi da na sa wa suna "Nawa ni kaɗai", inda nake zubar da abin da ke cikina in na dawo gida. In wani malami ya ce takardarsa ta ɓata, sai in ɗaga wayata in yi murmushin da yanzu na gane yana da ban haushi ƙwarai.

Direktan namu, Mushe Haruna (haka muke faɗin "Monsieur" na Faransanci), dattijo ne mai tsare gida, ɗan asalin Gidan Amumune. Shi ya karɓe ni ranar da na fara aiki, shi ya nemo mini ɗakin haya, shi kuma ya shige mini gaba lokacin neman aurena saboda mahaifina ya rasu. Yana da wata ɗabi'a da kowa ya san shi da ita: ba ya sa hannu a takarda sai ya karanta ta sau biyu. Malamai har tsokanarsa suke yi a bayan ido, wai ko katin ɗaurin aure aka ba shi sai ya maimaita.

Shekara biyu kafin ritayarsa, wata ranar bayan an tashi, ya kira ni buro, wato ofishinsa, ya ce in rufe ƙofa. Ya miƙo mini wata takarda daga ofishin sufeton makarantu ya ce in karanta masa. Na karanta. Ya ce in sake. Da na gama sai ya ce, "Ɗana, idanun nan sun tahi. Na dama ba ya ganin komi, na hagu ko baƙi-baƙi kawai shike gani bisa takarda. Saura shekara biyu in gama. Ba ni son a ɗauke ni daga kujerar ga kamar tsohon buhu. Ka riƙe mini wannan tsakanina da kai."

Na ce masa, "Baba, ko matata ba za ta ji ba."

Kuma ba ta ji ba. Shekara biyu cur, kullum bayan an tashi nake shiga buro in karanta masa takardu, kowace sau biyu, in ɗora masa yatsa inda zai sa hannu. A gaban mutane kuwa yana riƙe takarda da tabarau a hanci, yana gyaɗa kai, ba mai cewa ba karatu yake ba. Abin yana taɓa mini zuciya, sai in rubuta shi a shafina na sirri. Na rubuta komai dalla-dalla. Abu ɗaya ne kawai ban rubuta ba, wato cewa sirri ne, don ni ai na sani.

Ana cikin haka na ji labarin cewa ana iya haɗa mataimakin nan na ƙirƙirarriyar basira, wanda ake yi wa tambaya ya ba da amsa kamar mutum, da dandalin ajiyar rubutuna. In an haɗa su, shi da kansa zai shiga shafukan ya karanta ya yi maka aiki da abin da ya samu. Nan take na zauna in haɗa su. Wajen haɗawar, wani ɗan akwati ya fito yana tambayata: shafukan da na zaɓa kawai zan buɗe masa, ko duka? Shafukana sun fi ɗari, rezo, wato sabis ɗin waya, yana zuwa yana ɗaukewa, shayina kuma yana hucewa. Na danna "duka". Ban ɗauki ko daƙiƙa uku ina tunani ba.

Da ritayar ta matso, malamai suka ce ni zan yi jawabin sallama, tunda ni ne na hannun damansa. Na ce su bar mini. Sati biyu aka ba ni, na cinye su ina gaya wa mutane irin jawabin da za su ji. Sai da safiyar ranar na zauna na ce wa mataimakin ya duba duk abin da na rubuta a kan Mushe Haruna, ya haɗa mini jawabi mai ratsa zuciya, wanda zai nuna sadaukarwarsa. Na ƙara da cewa ya rubuta da Hausa, don iyayen yara su ji. (Da na bar shi da Faransanci, da rabin taron bai gane ba. Wannan ma dabarata ce.)

Kafin in kurɓi shayi sau biyu ya gama. Shafi uku. Na karanta na farko, na ga ya tuno da shekarar da direkta ya sa aka dasa bedi a farfajiya, da yadda ya bi gida-gida yana dawo da 'yan matan da aka cire daga aji. Na ce madalla. Na kai aka buga mini a kan takarda, na naɗe na sa aljihu. Sauran shafuka biyun ban duba su ba, saboda ina da aiki mai muhimmanci a gabana: zaɓen hula. Na fi rabin awa gaban madubi tsakanin huluna biyu, har matata ta tambaye ni ko ni ne zan yi ritayar.

An kafa rumfa ƙarƙashin bedin nan nasa. Ga sufeto a kujerar gaba, ga iyayen yara, ga 'yan uwansa da suka cika mota guda daga Gidan Amumune, ga Hajiya matarsa da 'ya'yansa. Shi kuma yana tsakiya cikin farar babbar riga, riƙe da takardar tsarin taro, yana duba ta kamar yadda ya saba.

Na karɓi lasifika na fara. Shafin farko ya tafi lafiya lau, ana tafi, mata suna guɗa. Kaina ya kumbura. Na shiga shafi na biyu da murya irin ta masu labarai a rediyo, ina jan kalmomi, ina ɗaga hannu. Wanda ya taɓa karatu a gaban jama'a ya san yadda baki ke riga hankali. Haka na ji muryata ta cika farfajiyar tana cewa:

"Babbar shaidar jarumtarsa ita ce, shekara biyu ke nan idanunsa ba sa ganin rubutu, amma bai bari kowa ya sani ba. Kullum bayan an tashi nakan rufe ƙofa in karanta masa takardun makaranta, shi kuma ya sa hannu a inda na ɗora masa yatsa."

A kan "yatsa" hankalina ya iso. Ya iso a makare.

Wasu daga baya suka fara tafi, don sun ɗauka yabo ne, kuma wannan tafin ya fi mini komai zafi. Sufeto ya cire tabarau ya juya yana kallon direkta. Babban ɗansa ya kalli mahaifiyarsa, ita kuma ta sunkuyar da kai. Mushe Haruna kuwa, takardar nan da yake riƙe da ita ya ninke a hankali, gida biyu, gida huɗu, ya ajiye a cinyarsa. Ya cire tabaran ya sa aljihu.

Ban san yadda na ƙarasa ba. Na dai tuna na tsallake shafi na uku na ce Allah ya ba shi lafiya, na koma na zauna, hular da na ɓata rabin awa a kanta ta jiƙe sharkaf.

Da na koma gida na buɗe wayar da niyyar in huce a kan mataimakin. To me zan ce masa? Ni na buɗe masa kowace ƙofa, ni na ce ya nemo sadaukarwa, kuma ya nemo wadda ta fi kowace girma. Na cire haɗin, na rufe shafin, duk a banza.

Ba a yi wa direkta komai a hukumance ba, ya riga ya gama. Amma maganar ta zaga gari. Wasu suka ce ashe ni nake tafiyar da makarantar, wasu suka ce da gangan na yi don a ba ni kujerar. Abin da ya kwashe shekara biyu yana karewa, wato ya sauka da mutuncinsa, na zubar masa da shi cikin layi biyu.

Sai bayan sati uku na iya hawa kabu-kabu zuwa Gidan Amumune. Na same shi a zaure kan tabarma. Na durƙusa na gaishe shi, na fara bayani, intanet kaza, haɗi kaza. Ya bar ni na gama tas.

"Na ji," in ji shi. "Na yahe maka, don na san ba da mugunta ka yi ba. Amma abu guda nike son tambayarka. Kai da ka karanta mini kowace takarda sau biyu, shekara biyu, taka ce ba ka iya karantawa ko sau guda?"



Muna zaune na hango wata ambulan a gefen tabarmar, ba a buɗe ba, da hatimin hukuma a kanta. Na gyara zama ina jira ya miƙo mini kamar da. Ya lalubo ta da hannu, ya tura ta ƙarƙashin tabarma, ya tambaye ni ko an yi ruwa a Tasawa.

Yanzu in na'ura ta tambaye ni "duka ko zaɓaɓɓu", sai in ajiye shayin in zauna. Kowace takarda kuma sau biyu nake karanta ta, har malamai sun fara tsokanata a bayan ido. Ina jin su, ina ci gaba da karatuna.