Alawar da Ke Cikin Hulata

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kira iyaye a makarantar su Ummi da ke Tirwun ba. Wata likitar haƙori ce ta zo duba bakin yara, aka ce iyaye su zo su gani da idonsu. Na sha sabuwar shadda, na kafa hula, muka tafi da maman yara.

Ummi 'yata ce, shekararta bakwai. Sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa ba na iya hana ta komai (wa zai kalli uwarsa ya ce a'a?). Tun da haƙoranta suka fara nuna ɗigo-ɗigon rawaya, mamanta ta haramta alawa a gidan. Ni kuwa in na taso daga shago sai in cusa biyu ko uku a cikin hula. Ina durƙusawa cire takalmi, Ummi ta zare abinta. Shekara biyu muna wannan sana'a. Ranar ma na ɗora uku a kai, wai ladan buɗe baki.

Likita ta yi bayani cewa haƙoran wasu yara kan fito da rufi mai rauni, zaƙi kaɗan sai ya huda su. Da na yi shiru, da an tashi lafiya. Sai ga ni a tsaye, har da gyaran murya.

"Likita, a faɗi gaskiya, laifin mata ne. Mu muna kasuwa, su suke ɗura wa yara zaƙi."

Maza suka tafa mini. Ina durƙushe ina gyara wa Ummi takalmi aka kira sunanta. Likita ta haska bakin, ta ce, "Baban Ummi, leƙo nan." Na leƙa. Turmin haƙorinta na ƙasa ya zama rami baƙi ƙirin, wai kuma na din-din-din ne, ba mai famfara ba.

"'Yammata, wa yake ba ki alawa?"

"Ba kowa, Anti. Ni nake ɗauka a hular Baba."

Kafin in kare kaina Ummi ta fizge hular. Guda uku suka zubo a siminti, ɗaya ta gangara har gaban hedimasta. Innalillahi! Sai wata Hajiya ta ce, "To fa, ga matan nan sun zubo."

Maman Ummi ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Tsince su mana, Malam, kada a ce mu ne."

Haƙori biyu aka cike, wancan kuwa cire shi aka yi. Ummi na riƙe da hannuna tana kuka, ni ma ina yi (nawa ya fi nata ƙara).

Yanzu buroshi nake kawo mata tsaraba. Na kuma koyi cewa kafin in miƙe yi wa jama'a wa'azi, in fara laluba abin da ke kaina.