Kabad ɗin Auren Binta

Sani direba ne ya cuce ni. Shi ya ce min manyan Kaduna yanzu tsofaffin kaya suke yayi. Ni kuwa, kafintan da duk Funtuwa ta sani, na kama sabon kabad ɗin auren 'yata Binta, na yi masa koren fenti, na kankare gefuna, na goga masa toka don ya yi kamar tsoho.

Ranar jere da kaina na sauke shi a gidan ango a Malumfashi, ina jiran guɗa. Mata suka kewaye shi. Can gwaggon ango ta shafa shi ta ce, "Allah ya jiƙan mai shi. Yaushe ta rasu?"

Har yau Mai Gwanjo ake kira na. Da na ritsa Sani a tasha na ce, "Ka tashi aurar da taka 'yar, kabad ɗinta na wuyana, irin na manyan Kaduna. Kyauta."